Jirgin da Ba a Auna da Jikina Ba

Talata, 4 ga Yuli, da hantsi. Maniitsoq.

Na sauko da jirgin, kayak ɗin nan, ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, daga inda yake rataye. Tun watan Fabrairu ban taɓa shi ba, ko ta bayan ɗakin aikin ban yarda na bi ba. Ƙura ce kawai a jikinsa da kashin tsuntsu, ko tsaga ɗaya babu. Na gode wa Allah da hannun da ya ɗinka shi, ko da yake hannuna ne.

Bolethe ta zo ta tsaya mini a ka, hannu a ƙugu. Yayata ce, ta girme ni, amma Aataa take kirana, wato kaka, don sunan kakanmu Eliarsi aka sa mini, wanda teku ta ɗauke kafin a haife ni. Tun muna yara tana zabga mini ranƙwashi tana kirana kaka.

"Aataa, wannan ba jirginka ba ne."

"Na sani."

"Ka sani? Kai ne fa kake hana mutane shiga kayak ɗin wani. Tsawo gaba uku na mai shi, faɗi ƙugunsa da dunƙule biyu. Kunnenmu ya gaji da wannan wa'azin naka."

"Yaya, na ji."

"Ba ka ji ba. Ga jirgin fasinja nan yana zuwa. Ka ɗora wannan a kai, ka zauna ka sha kofi kamar mai hankali."

Na ce mata jirgin fasinja ya cika sauri, ni kuma ban shirya isa ba. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta sani.

Bari in rubuta zancen sau ɗaya don kada in sake. Tuperna, matar ɗana, ta koma wurin iyayenta a Attu bayan mun binne shi a Fabrairu. Ta haihu watan jiya, namiji. Fasto zai je ƙauyensu ranar Lahadi 23 ga wata, ranar za a yi wa yaron baftisma. Tana so a sa masa sunan ubansa, kamar yadda kowa yake yi. Amma ta ce mini a waya, "Baba, ba zan sa ba sai ka zo ka faɗe shi da bakinka. In ba ka faɗa ba, wani sunan zan nema." Ni kuwa tun Fabrairu sunan bai fita daga bakina ba, kuma ba na so a sa. Suna ba ya zuwa shi kaɗai, da kayan mai shi yake tafe, kuma na ga kayan da wannan ya ɗauka. Abin da zan je in gaya mata ke nan. In bar wa yaron jirgin ubansa, in dawo gida.

Laraba, 5 ga Yuli, da yamma. Wani tsibiri.

Ƙafata ba ta kai ba. Ɗana ya fi ni tsayi, ya fi ni faɗi, ni na sani tunda ni na auna shi, amma sanin kai daban, sanin ƙafa daban. Yini guda ina laluben katakon da ake tokarawa, yatsuna na taɓa iska. A ciki kuwa sai kaɗawa nake yi kamar cokali a kofi. Na cusa tsohuwar suwaita da ledar busasshen kifi a gaban ƙafar, ya ɗan yi dama.

Ranar da na auna shi a kicin muke. Ya miƙe hannuwa, ina jan igiya daga wannan yatsa zuwa wancan, sai ya ce, "Baba, jirgi kake auna mini ko akwatin gawa?" Muka yi dariya, har Bolethe.

Ruwa ya kwanta lumui duk yinin yau. Na gode da wannan.

Alhamis, 6 ga Yuli, da rana.

Kafaɗa, baya, gwiwa. Kowa ya kawo ƙararsa.

Asabar, 8 ga Yuli, da yamma. Kangaamiut.

Tun kafin in taɓa gaɓa wata tsohuwa ta sauko matakala tana dogara sanda, tana ɗaga mini hannu kamar wadda ta ga ɗanta. Da na matso ta ga fuskata sai hannun ya sauka a hankali. Jirgin ta gane, ba ni ba.

Sunanta Hansiina. Ta ce, "Kai ne uban..." sai ta kama bakinta. Na ɗaga mata gira, alamar e. Ta ce, "To shigo, uban mai jirgi. Akwai miya."

Na san ya bi ta wannan hanya lokacin da ya tuƙa har Attu neman auren Tuperna, duk garinmu ana cewa ya haukace. Abin da ban sani ba, iska ta tsare shi a nan, a gidan tsohuwar nan ya kwana. Bai taɓa gaya mini ba. Ita kuwa ba abin da ta manta.

"Tukunya guda ya share, ya ɗago kai ya ce, Iya, wannan ɗanɗano ne ko abincin ke nan? Ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Ya gyara mini bututun murhu, ya ɗebo ruwa, sannan ya ce zai rera mini waƙar da zai yi wa yarinyar. Na ce masa, ɗana, in kana son ta aure ka, ka isa da bakinka a rufe."

Na yi dariya har na ƙware. Muryarsa kam ba ta da daɗi, tawa ya gado. Rabona da in yi dariya a kansa tun kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Ta shiga ɗaki ta fito da safa, saƙar hannu, mai toka-toka. Ta ce ta yi masa alkawarin za ta saƙa kafin ya biyo ta nan a komowa, shi kuma ya koma a jirgin fasinja da amaryarsa. Tun lokacin safar tana cikin akwati.

"Ta yi maka yawa, na sani. Ka naɗe bakin."

Na karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta koma kan tukunyarta.

Lahadi, 9 ga Yuli, da safe.

Hansiina ta ja ni coci. Na zauna a baya. Da aka zo addu'ar waɗanda suka riga mu na fita duba jirgi.

Bolethe ta kira. "Kana raye?" Na ce ina raye. Ta ce, "To madalla," ta kashe.

Litinin, 10 ga Yuli, da rana.

Iska daga kudu. Ban fita ba. Sauro ma ya ɓuya, na gode da wannan.

Laraba, 12 ga Yuli, da yamma.

Hazo tun safe, ko bakin jirgin da ƙyar nake gani. Na tsallake bakin babban mashigin da kunne, ina sauraron inda ruwa ke dukan dutse. Wani karen teku, dabbar ruwan nan da muke farauta, ya bi ni tsawon lokaci, ya leƙo nan, ya nutse, ya leƙo can, da idanunsa na mai son jin gulma. Na ce masa ba ni da bindiga, ba ni da labari, ya je ya nemi wani. Bai tafi ba sai da hazon ya yaye.

Safar tana da ɗumi. Da na naɗe bakinta, babban yatsana yana ɗan shafar suwaitar. Har yanzu dai ƙafata ba ta kai ba.

Ina tuƙi ina shirya maganar da zan yi wa Tuperna. "'Yata, ki yi haƙuri." Daga nan sai maganar ta tsaya. Na gwada ta wata hanyar. "'Yata, yaron nan bai yi wa kowa laifi ba, a bar shi ya fara da hannu wofi." Wannan ta fi. Na maimaita ta har ta zauna a bakina.

Juma'a, 14 ga Yuli, da la'asar. Itilleq.

Duk duniya a rasa wanda zai tarbe ni sai Pavia. Tun muna samari muke karawa a gasar kayak, ya kayar da ni, in kayar da shi, har yau kowa na cewa shi ne gaba. Yana kan gaɓa yana feɗe kifi, ya ƙura mini ido, ya ajiye wuƙa.

"Eliarsi! Kai ne ka motse ko jirgin ne ya yi ƙiba?"

"Idonka ne ya mutu, tsoho."

"Idona ƙalau. Tun daga can na hango mutum yana rawa a cikin jirgi, na ce wane sakarai ne wannan ya ari na wani. Ashe malamin ne da kansa."

Ya taya ni ja. Da ya sunkuya ya leƙa ciki ya ga suwaita da ledar kifi, sai dariyar ta ɗauke. Ya shafa bakin jirgin da tafin hannu. Ya je jana'izar, na tuna na gan shi a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

A gidansa, bayan mun ci mun sha kofi, ya ce in ba shi jirgin zuwa safe, zai matso da katakon ƙafar. Na ce ba mai sa zarto a jikinsa. Yadda aka auna shi haka zan kai shi.

"Ka kai wa wa?"

Na gaya masa, har da maganar sunan, har da abin da na shirya faɗa. Ya juya kofinsa.

"To, ban da ilimi irin naka," ya ce. "Amma jirgin nan tsawon hannun uban ne, faɗin ƙugun uban ne. Wannan za ka kai wa yaron, sunan ne za ka hana. Suna ne kawai yake da kaya?"

Na ce masa kofinsa ya yi sanyi kamar hirarsa. Ya ce, "Yaushe rabonka da juyi?" Yana nufin ka kife da jirgi ka tashi da shi ba tare da ka fita ba. Na ce jikina bai manta ba. Ya ce, "Jikinka bai manta ba a jirginka. A wannan, in ka kife, da me za ka tokara? Da busasshen kifi?"

Na ji haushinsa ƙwarai. Na kuma gode masa, amma wannan ban gaya masa ba.

Asabar, 15 ga Yuli, da safe.

Zan tashi Pavia ya miƙo mini guntun katako da ya sassaƙa, mai tsagi a baya, wanda zai hau kan katakon ƙafar ba ƙusa ba zarto. Da ido ya auna ni. Ya ce, "In ka ga dama ka sa, in ka ga dama ka dafa kofi da shi." Na jefa shi cikin jakar kaya don kada ya ce na raina.

Ba zan sa ba. In na sa, jirgin ya zama nawa ke nan.

Lahadi, 16 ga Yuli, da hantsi.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Teku ta kwanta kamar madara a kwano. Na fito daga bayan tsibirai, sai ga yamma a buɗe, ba dutse, ba tsuntsu, ba komai har ƙarshen gani. Na ɗora filafili a kan jirgi na zauna. Ruwa na janyewa, yana ɗauke ni a hankali zuwa can. Ban hana shi ba. Ba baƙin ciki nake ji ba, hutu ne. Na tuna sunan da nake ɗauke da shi ruwa ne ya ci mai shi, na ce wataƙila kayan nawa ke nan, jinkiri kawai aka yi.

Ni na buɗe ƙofar ɗakin aikin a safiyar nan ta Fabrairu. Ba wanda ya aike ni, guduma na je ɗauka. Can na tarar da ɗana, ya riga ya ɗauki ransa da hannunsa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Yunwa ce ta dawo da ni, abin kunya. Cikina ya yi ƙugi, na tuna da burodin da matar Pavia ta naɗe mini da man shanu a ciki. Na ce bari dai in ci wannan tukuna. Da na ci sai na ga gaɓa ta yi nisa, na tsorata, na kama tuƙi.

Na gode da burodin.

Litinin, 17 ga Yuli, da yamma. Sisimiut.

Motoci, hayaniya, karnuka. Na sayi gas da kofi, na yi wanka a gidan baƙi na masu jirgi. Waya ta kama sabis, ga kiran Bolethe rututu. Na kira ta ba ta ɗauka ba, fushi take yi ko tana wurin ƙawayenta.

Sai Tuperna ta kira. Na ɗauka za ta tambayi zancen sunan. Ba ta tambaya ba.

"Baba, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, 'yata. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Tsaya ka ji wani abu."

Na ji motsi, sannan wani ɗan sauti, hik, shiru, hik. Jaririn ne, shaƙuwa yake yi. Tana dariya a bayansa.

"Kullum haka yake in ya sha da gaggawa. Ba ya ƙoshi, Baba, ni ya gama da ni. Ga ƙafa! Duk safar da Mama ta saƙa masa kafin a haife shi ba wadda ta shiga. Dogayen yatsu kamar na..." Ta tsaya. Shi kuma yana ta hik ɗinsa.

"Ka zo lafiya kawai," ta ce. "Ko me za ka ce, ka zo da kanka ka ce."

Na ce mata ina tafe. Da na kashe na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu.

Talata, 18 ga Yuli, da sassafe.

Na zazzage jakar kaya na nemo katakon Pavia. Ya zauna daram, tsohon banza.

Ƙafata ta kai.

Laraba, 19 ga Yuli, da yamma.

Daga nan zuwa Attu ba gari, ba waya. Tuƙi ya yi daɗi, jirgin ya fara jin maganata. Ashe duk kwanakin nan da rabin jiki nake tafiya. Na ga dutsen ƙanƙara na farko, shuɗi a gindi, na yanki guntun da ya ɓalle na dafa kofi da shi. Sauro ya dawo da danginsa duka.

Na gwada maimaita maganar da na shirya wa Tuperna. Tana nan, amma ta yi nauyi a baki.

Alhamis, 20 ga Yuli, da rana.

Iska. Ina kwance a tanti ina kallon bakin mashigin Nassuttooq daga nesa, ya yi fari fat. In ban tsallake gobe ba, Lahadi za ta wuce ni, a sa wani suna ba tare da na ce komai ba. Da makon jiya ne da na ce Allah ya hutar da ni. Yau kuwa sai leƙa waje nake yi ina zagin iskar.

Juma'a, 21 ga Yuli, da yamma.

Rubutun yau zai karkace.

Iska ta sassauta da safe, na ce yanzu ko ba yanzu ba. Na yi gaggawa, ban jira ruwa ya gama fita ba, kuma na san bakin nan ba a yi masa haka. A tsakiya ruwan da ke fitowa daga mashigi ya haɗu da igiyar teku, suka miƙe tsaye, ba gaba ba baya. Na kauce wa ɗaya, na kauce wa ta biyu. Ta ukun daga gefe ta zo.

A ƙasa shiru ne, kore, ga haske can sama. Sanyin ya kama mini goshi kamar an ɗaure da igiya. Kuma na ji tunanin nan na ranar Lahadi ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce to ga shi, ba ma sai ka yi komai ba.

Ƙafata ce ta amsa masa. Ta tokare katakon nan da ƙarfi, gwiwa ta kama, hannu ya shimfiɗa filafili. Na taso rabi, na shaƙi iska da ruwa tare, na koma. Na sake. A na biyun na kwanta baya sosai yadda nake koya wa mutane, kai shi ne ƙarshen fita, sai ga sama, ga tsuntsaye, ga ni zaune ina tari.

Na zazzagi tekun tas, zagin da ban yi ba tun ina saurayi. Ina zagi ina kuka ina tuƙi har na kai wancan gefen. Na ja jirgi kan dutse, na kunna risho, na cire safar Hansiina na matse na shanya. Hular kaina ta tafi, da kofin da na ɗaure a sama.

Ina so in rayu. Ban sani ba sai yau. Na gode wa Pavia da bakinsa mai kaifi, na gode wa ƙafar nan, na gode wa Allah.

Amma yaron fa? Ni na tashi don na iya. Shi wa ya tabbatar mini?

Asabar, 22 ga Yuli, da la'asar. Attu.

Ina shigowa na hango wata gajeriyar mace a kan gadar jirage da jar riga, hannu a ƙugu. Na ce ba dai ita ba. Ita ce.

"Yaya! Me ya kawo ki?"

"Jirgi mai inji, irin na masu hankali. Tun Talata nake nan ina cin kek. Ina hularka?"

Na yi niyyar ɓoyewa, amma Bolethe ba a yi mata ƙarya, ita ta raine ni, ta raini ɗana bayan uwarsa ta rasu. Na gaya mata yadda na kife, a tsaye a nan, ruwa na ɗiga daga rigata. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ta zauna a kan akwatin kifi.

"Aataa, zo nan. Ka san yadda ka mutu a karon farko?"

Na ce teku ce.

"Teku ce, amma a bakin gida, rana tsaka, mutane na kallo daga gaɓa. Ka kife ka kasa tashi. Ba ka iya juyi ba, wai kai maharbi ne, wannan wasan samari ne. Da aka haife ka, 'yan'uwan Baba suka taru a kan Mama, kada ta sa sunan, ruwa zai sake karɓa. Ina ƙarama amma na ji da kunnena. Mama ta ce, a'a, ku bar shi ya dawo ya koya." Ta share hanci da bayan hannu. "To ga shi ka koya. Sai da ka yi furfura, don kwanyarka ba ta ja, amma ka koya."

Ban taɓa jin wannan ba. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ban taɓa kifewa a gabanta ba.

"Shi ma akwai abin da ya gagare shi," ta ce. "Duhun nan ya kife shi bai tashi ba. Ka bar shi ya dawo. Wannan karon idonmu a buɗe yake."

Muka hau tudu tare, tana riƙe da hannuna wai kada in faɗi, alhali ni nake janta. Tuperna ta fito ƙofa. Ta rame. Ta rungume ni da jiƙaƙƙiyar rigata, ta ce yaron na barci, in ci abinci in kwanta. Na leƙa shi daga bakin ƙofa kawai. Ƙafa ɗaya ta fito daga bargo.

Lahadi, 23 ga Yuli, da safe.

Kowa ya yi ado, matan da rigunan duwatsu da dogayen takalma, an ba ni aron farar riga ta surukina, ita ma ta yi mini yawa. Bolethe ta ce da alama haka zan ƙare rayuwata, a cikin kayan mutane. An fara kaɗa ƙararrawa. Tuperna tana tahowa da shi.

Lahadi, da yamma.

Ta sa mini shi a cinya. Mahaifiyarta ta ajiye butar kofi. Maganar da na shirya tun daga Kangaamiut na neme ta na rasa.

Ya buɗe ido ya dube ni a murtuke, kamar wanda aka tasa daga barci don zancen banza. Na san wannan kallon. Na juya shi ya jingina da cikina, na kama hannuwansa biyu, na fara tuƙa su, dama, hagu, dama, hagu, yadda na yi wa ubansa, yadda aka yi mini. Ya saki jiki. Ya yi hik.

Na ce, "Ujarneq. Ɗana, ka daɗe a hanya."

Tuperna ta durƙushe a gabana ta kifa kai a gwiwata. Mahaifiyarta ta ce, "Barka da dawowa, surukina," ta shafa kan jaririn. Bolethe ta ce mu tashi haka nan, fasto ba zai jira mu gama kuka ba, alhali ita ta fi kowa.

Bayan coci duk ƙauyen ya bi ta gidan, wasu na fita wasu na shiga, kofi da kek da nama har ba wurin ajiye kofi. Mazan suka sauka gaɓa kallon jirgin. Wani ya leƙa ya ga katakon Pavia, ya ce in cire tunda na iso. Na ce a bar shi, mai jirgin zai buƙace shi kafin ƙafarsa ta kai. Safar ma na ba Tuperna ta adana masa, tun asali tasa ce.

Na ce wa Bolethe ni zan koya masa juyi, ba zan bar wa kowa ba. Ta ƙirga da yatsu ta ce to sai in shirya kaiwa tamanin, kuma ita ba za ta yi jinyata ba. Na ce na ji.

Da mutane suka ragu na roƙi zaren saƙa, na auna shi daga wannan yatsa zuwa wancan. Gaba ukunsa bai kai tsawon filafilina ba. Akwai aiki a gabanmu.

Yanzu yana barci a ƙirjina, da hannu ɗaya nake rubutu. Ujarneq. Ujarneq. Ashe hannuna bai manta yadda ake rubuta shi ba.